Dawarka lafiyarta ƙalau, tsawon dare take jira

Wani manomi daga Giwa ya rubuto cewa: "Malam, na shuka farafara farkon Yuni. Ga Agusta ta kusa ƙarewa, dawa ta fi ni tsawo amma ko ciki ba ta yi ba, alhali maƙwabcina da ya shuka masara rana ɗaya da ni har ya fara gashi. Mai shagon magani ya ce akwai ruwan feshi da ke sa ta fitar da kai. In saya?"

Malam, mai da kuɗinka aljihu. Duk damina sai wannan tambaya ta zo mini, kuma duk damina sai an wanke wani. Ka fesa, dawa ta fitar da kai a lokacin da dama za ta fitar, mai shago ya ce ai ka ga aikin magani.

Ga abin da ke faruwa. Duniya tana juyi kamar katantanwar yara, zagaye ɗaya cikin awa 24. Ɓangaren da ya fuskanci rana shi ke da wuni, na baya kuma dare. Tana wannan juyin tana kuma kewaya rana, tafiyar kwana 365 da 'yan awoyi. To amma ba a miƙe take ba, a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi. Wajen Yuni rabinmu na arewa ne ke karkatowa ga rana, wuni ya yi tsawo. Wajen Disamba sai ya kauce, dare ya ɗauka. A Ingila abin ya yi yawa, wunin Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika 8 ba. Mu nan Kaduna bambancin kaɗan ne: wajen 21 ga Yuni wuni yakan kai awa 12 da kusan minti 45, wajen 21 ga Disamba kuma awa 11 da rabi. Ladanin unguwarku ya san da wannan ko bai taɓa jin maganar digiri ba.

Wannan 'yar tazarar da kai ba ka damu da ita ba, dawar gida tana lissafinta. Farafara da kaura na gargajiya ba sa yin ciki sai dare ya kai tsawon da suke so, shi ya sa wanda ya shuka farkon Yuni da wanda ya shuka ƙarshensa za su ga kai kusan tare, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Maiwa ma haka take, da waken kanannado. Masara kuwa kwanakinta take ƙirgawa, don haka kada ka auna dawarka da gonar maƙwabci. Mai makara shi ke asara, domin dawarsa za ta fitar da kai tun kara bai yi ƙwari ba, zangarniya ta fito 'yar firit.

Tunda an taɓo nan, bari in yi maganar masu kwaso iri daga nesa. Mutum ya je biki Kafanchan, ya ga dawa mai kai kamar tulu, ya cika buhu ya kawo Makarfi. Irin can ya saba da damina mai tsawo, ba ya fitar da kai da wuri, sai ruwa ya ɗauke ya bar shi da ƙwaya shafal. Wanda ya kai irin arewa kudu kuma, tasa ta nuna cikin ruwa, ido ya yi baƙi da fumfuna. Kakanninmu shekara da shekaru suka yi suna zaɓen irin da fitar kansa ta dace da ɗaukewar ruwan garinsu. In dai mai saurin nuna kake so, nemi mai saurin nuna daga cikin ire-iren dawa na SAMSORG na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ka kuma faɗa wa malamin gona ƙaramar hukumar da gonarka take kafin ka biya.

Wani dattijo daga Soba ya ce bara a wata kaza na Musulunci ya yi shuka ta yi kyau, bana ya maimaita iri ya ƙone. Baba, shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Damina rana take bi. A tsakiyar Afrilu rana ke tsayawa a tsakar kanmu nan Kaduna, ƙasa ta gasu, sannan iskar teku mai laima ta biyo bayanta daga kudu da ruwa. Lissafin taurari da malamai ke yi, kowane tauraro kwana 13, shi ne mai tafiya da shekarar rana. Riƙe shi, ka haɗa da hasashen da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon shekara, kuma kada ruwan farko ya ruɗe ka.

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko nisan da muke yi da rana ne ke kawo sanyin hunturu. A'a, ɗana. A farkon Janairu ma duniya ta fi kusa da rana. Karkatar ce ke sa haske ya zo mana a gicciye, ga busasshiyar iskar Sahara da ƙurarta. Lokacin da muke jin ɗari, mutanen Afirka ta Kudu zafi suke sha. Wannan sanyin ne abincin alkama, saboda haka mai noman rani ya gama shukarta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba.

Hajiya mai kajin ƙwai daga Rigasa, kin ce ƙwai ya ragu, an ba ki shawarar ƙarin bitamin. Fara duba haske tukuna. Kaza mai ƙwai tana son wajen awa 16 na haske, wuninmu kuwa ba ya kai 13. Sa musu fitilar sola da asuba da bayan magariba, a lokaci ɗaya kullum, ki ba su mako biyu ki gani.