Tana kawo canji daidai, amma lissafin makaranta na sa ta kuka

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekararta 7, tana aji biyu a firamare. Duk ranar da aka ba su aikin gida na lissafi sai ta fashe da kuka, ta ce cikinta na ciwo. Har yanzu da yatsu take ƙirga, malaminsu kuma dukanta yake yi idan ya gani. Amma in na aike ta shago da naira 500, ba ta taɓa kawo canjin da bai cika ba. Ni ma ban iya lissafi ba tun ina ƙarama. Ko gado ta yi?
Wata uwa, daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita. Yarinyar da ta san nawa zai rage a 500 bayan ta sayo na 350 ta iya ɗebewa, kin gama ba ni shaida da bakinki. Tsoro ne ya shiga tsakaninta da takarda.

A 1985 wasu masana a birnin Recife na ƙasar Brazil sun wallafa binciken da suka yi kan yara masu talla. A bakin ciniki yaran na ba da amsa daidai kusan kowane lokaci, amma da aka rubuta musu lissafin nan ɗin a takarda sai da yawa suka faɗi. Na ga irin wannan a ajina shekara da shekaru, musamman ga masu tallar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Lissafi na buƙatar yaro ya riƙe lamba a ka yana aiki da wata. In hankalinsa na kan bulala, lambar sai ta ɓace. Ciwon cikin nan ma ba ƙarya take yi ba, fargaba na kawo shi.

Batun yatsu kuwa, ki bar ta. A shekarunta haka ake farawa, kuma da kanta za ta daina. Ki je wurin malamin cikin mutunci, ki roƙe shi ya daina dukanta a kan wannan. Raina na ɓaci ƙwarai in na ji an doki yaro don ya nemi amsa da hannunsa.

Sai wadda ta shafe ki: don Allah ki daina cewa "ni ma ban iya ba" a gabanta. Yara mata na ɗaukar maganar uwa tamkar hukunci. Da dare ki zauna da ita da murafen kwalba ko ƙwallayen dabino, ku yi wasan shago, ita ce mai kanti. In ta ba ki canji, ki ce ta rubuta abin da ta yi, ta ga cewa shi ne dai abin da ke kan allo. Minti goma ya isa, ki tsaya kafin ta gaji.

In zango ɗaya ya wuce babu sauyi, ki kai ta a duba mata ido da kunne, domin wasu yaran allon ne ba sa gani sosai.