Hukuncin farautar dabbar da irinta ke gab da ƙarewa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan gidan maharba ne a arewacin Kamaru. Dattawanmu suna ba da labarin karkanda a dajinmu, amma mu ba mu tashi mun same ta ba. Mun yi gardama da wani abokina a kan haka. Shi cewa yake Allah ya halitta mana duk abin da ke bayan ƙasa, farauta halal ce, dabbar da ta ƙare kuma ajalinta ne ya yi. Yana kuma ganin farauta ba ta ƙarar da abu mai yawa, kuma kowane maharbi harsashinsa kaɗai za a tambaye shi. Shin akwai zunubi a kan wanda ya harbi dabbar da irinta ya kusa ƙarewa? Kuma namanta ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi gaskiya a farkon maganarsa. Farauta halal ce a asali. Allah ya ce shi ne ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya (Baƙara: 29), ya kuma halatta abin da karnukan farauta horarru suka kamo (Ma'ida: 4). Sana'ar gidanku ba abin kunya ba ce. Sai dai malamanmu na Malikiyya ba su bar maganar a buɗe ba. Mai Risala ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa mubaha ce. Ibnu Juzai ya kasa ta gida biyar, tun daga wajibi ga wanda yunwa za ta halaka har zuwa haramun ga mai kisa a banza. Ka ga ke nan hukuncinta yana sauyawa da niyyar maharbi da kuma abin da harbin zai haifar.

A kan ƙarar da iri baki ɗaya akwai nassi na musamman. Allah ya ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne kamarku (An'am: 38). Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Annabi (SAW) ya ce ba don karnuka al'umma ce daga cikin al'ummomi ba, da ya yi umarni a kashe su. Duba da kyau: kare ne fa ake magana, wanda aka yi umarni a wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki. Imam Khaɗɗabi, a sharhinsa ga wannan hadisi, ya bayyana cewa Annabi ya ƙi a shafe wata al'umma ta halitta har ba a bar ko ɗaya ba, domin babu abin da Allah ya halitta face akwai hikima da maslaha a cikinsa. Idan an hana yi wa kare ƙare dangi, ina ga karkanda wadda ba ta shiga gidan kowa?

Bukhari da Muslim kuma sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ta cije shi, sai ya sa aka ƙone gidan tururuwar. Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa: don tururuwa ɗaya ta cije ka, ka ƙone al'umma mai tasbihi? Ga kuma umarnin da aka yi wa Annabi Nuhu (AS) na ya ɗauki biyu-biyu daga kowane iri a cikin jirgi (Hudu: 40). A Baƙara aya ta 205 an siffanta mai ɓarna da wanda ke halaka shuka da zuriya, kuma da yawa daga masu tafsiri sun shigar da zuriyar dabbobi a ciki.

Wurin da abokinka ya zame shi ne zatonsa cewa abu mai yawa ba ya ƙarewa, kuma kowane maharbi harsashinsa kaɗai za a tambaye shi. Tarihi ya ƙaryata zaton farko. A Amurka ta Arewa an yi wata irin tattabarar daji da aka ƙiyasta yawanta da biliyan 3 zuwa 5. Garkenta kan rufe rana, ya ɗauki sa'o'i yana wucewa. Da layin dogo da wayar tangaraho suka bazu a ƙarni na 19, sai ya zama duk dajin da ta sauka don yin sheƙa labari ya kai wa 'yan kasuwa. A zo da raga da bindiga, a zungure 'ya'yan daga sheƙa da dogayen sanduna, a cika ganguna a tura birane. Tsuntsuwar kuwa ƙwai ɗaya take sakawa a sheƙa. Ga kuma saran dazuzzukan da take ci a ciki. Ta ƙarshe, wadda ake kira Marta, ta mutu a gidan namun daji na birnin Sinsinati a Amurka ran 1 ga Satumba 1914. Kowane ɗaya daga masu ragar nan zai iya rantsuwa cewa abin da ya kama bai taka kara ya karya ba, ga shi kuwa a tare sun shafe al'umma guda. Haka aka yi wa wata ƙatuwar dabbar ruwa dangin ayu a Tekun Bering: an fara bayaninta a 1741, kafin 1768 ta wuce an cinye ta.

Karkandarku ma hanyar da ta bi ke nan. Arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe. Masu bincike sun zagaya dajin a 2006 ba su ga alamarta ba, a 2011 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanar da ƙarewar wannan reshe na baƙar karkanda ta yamma. Abin da ya fi ciwo shi ne akasari ba don yunwa aka kashe ta ba. Ƙahon ake cirewa a sayar wa masu magani a Asiya da masu ƙotar wuƙa a Yaman, a bar gawar tana ruɓewa. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba Allah zai tambaye shi, haƙƙin kuwa shi ne ya yanka ya ci, kada ya cire kai ya yar. Malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma hanin da ke cikin Muslim na mai da abu mai rai abin gwada harbi yana ƙarfafa ma'anarsa.

Batun ajali kuwa, gaskiya ne babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah. Amma wanda ya kashe mutum ma ajalin mamacin ne ya yi, kuma wannan bai taɓa kuɓutar da makashi a gaban alƙali ba. Ƙaddara abin haƙuri ce ga wanda musiba ta samu, mai aikata laifi ba ya fakewa da ita.

Saboda haka abin da nake gani shi ne: idan masana amintattu suka tabbatar cewa wani iri ya kusa ƙarewa, ko maharba da kansu suka lura dabbar da ake gani kullum ta koma sai an yi shekara ba a gamu da ita ba, farautarta ta zama haramun, haka saye da sayar da ƙahonta da fatarta da ƙwanta. Dalilin shi ne nassoshin da suka gabata, da hadisin "babu cuta babu cutarwa", da ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna wadda mazhabarmu ta yi fice da ita. Idan hukuma ta keɓe gandun daji, bin dokar wajibi ne, domin Annabi (SAW) ya keɓe filin Naƙi'i na yankin Madina a matsayin hurumi, Sayyidina Umar ya keɓe filayen Sharaf da Rabaza. Majalisar Malaman Indunusiya ma ta fitar da fatawa mai kama da wannan a 2014. Kamewa tana da amfani a zahiri: raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996, da aka tsare su suka haura 600. Ina jan kunnen masu kai kawunan ungulu kasuwa don tsibbu, domin sun haɗa ɓarna biyu.

An togace larura ta gaskiya: wanda dabba ta afka wa, ko yunwa za ta kashe shi babu wani abinci. Mai cutar da gona ko garke a kore ta ko a kai ƙara ga ma'aikatan daji, in babu makawa a kashe wadda ta yi ɓarnar kaɗai, ba a zuba guba a mushe don ta kashe duk wanda ya ci ba.

Naman kuwa, idan dabbar irin wadda ake ci ce kuma sharuɗɗan farauta ko yanka sun cika, bai zama mushe ba. Zunubin yana kan harbin, kuma mai saye yana da kasonsa idan ya sani, don kuɗinsa ne ke mayar da maharbi daji. Dattawan da suka yi a da ba tare da sanin ƙarancin dabbar ba muna fata Allah ba zai kama su ba. Wanda ya yi da saninsa ya tuba, ya daina, ya kuma sanar da Sarkin Baka da sauran 'yan'uwansa maharba wannan hukunci.

Allah ne mafi sani.