Tambaya da Amsa: Kai yara bakin teku a Badagry

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna zaune a Agege, ni da maigidana da yara uku, autarmu shekararta huɗu. Muna so mu kai su Badagry su taka hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku. Anya yara za su iya wannan tafiya? Daga wata mai karatu, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Za su iya, muddin kun yi sammako. Ku bar gida da an idar da sallar asuba, domin cunkoson titin Badagry, tun daga Mile 2, yana iya cinye muku safiyar. Zuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi kyau, lokacin ruwan sama ya ɗauke.

Hanyar bayin tana tsibirin Gberefu ne, sai an tsallaka da kwalekwale daga Marina, wato bakin ruwan garin Badagry. Kada ku shiga sai kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, ta auta kuma ta zama daidai jikinta. In ta yi mata yawa, sulluɓewa take yi ta kai da zarar an faɗa ruwa.

Daga inda aka sauke ku zuwa teku, babba yakan yi minti 20 zuwa 30. Da yara, ku ƙiyasta awa guda, saboda rairayi ne, ƙafa na nutsewa, inuwa kuma kaɗan ce. Ku riƙe lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, da hula, da zanen goyo. A sa takalmi mai maɗauri: silifa tana tsinkewa, rairayin tsakar rana kuwa yana ƙona tafin ƙafa. A hanya akwai rijiyar da ake cewa an riƙa shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Ku tsaya ku yi wa yaran bayani, amma kada a sha.

Inda muka fi jin tsoro shi ne bakin tekun. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Wurin yakan yi kamar ya lafa, ba kumfa, shi ya sa mutane ke zaɓarsa, alhali nan ne yake ja. Ko igiyar da ta kai gwiwa tana kayar da yaro, domin tana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Yaran su tsaya kan busasshen rairayi, a riƙe hannun auta, kada kowa ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, don haka a ajiye kaya nesa da jiƙaƙƙen wuri.

In azahar ta same ku can, ruwan teku yana alwala. Sai dai kada ku fuskanci tekun wajen salla, domin yana kudu ne, alƙibla kuwa gabas ce, a ɗan karkata arewa. Ku yi magana da mai kwalekwalen tun da farko kan kuɗin zuwa da dawowa, ku juyo kafin la'asar.