Yayyafin La'asar Ba Camfi Ba Ne

'Yata, saƙonki ya iso. Wai mai gyara ya ce ki rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da injin AC na waje don ya rage shan wuta, shi ne kike tambaya ko yayyafin da muke yi a tsakar gida da la'asar yana da dalili ko camfi ne. Na yi dariya, daga baya kuma raina ya sosu. Ashe har mun kai lokacin da 'yar gidan nan za ta kira yayyafi camfi?

Ina budurwa a Sakkwato, azumi ya taɓa faɗowa tsakiyar bazara. Rannan zazzaɓi ya kwantar da Baba, ga rana ta ƙwalle, ƙasa ba ta takuwa. Inna ta sa muka jawo ruwa a rijiya, muka jiƙe asabarin ƙofarsa sharkaf, muka yayyafe daɓe, ita kuma ta tsoma tsohon zane ta rataya a tagar da iska ke shigowa. Ni aka ɗora wa gadin asabari, da ya bushe in sake watsa masa ruwa, ga ƙishirwar azumi na cina. Kafin la'asar ɗakin ya huce har Baba ya samu barci. Inna takan ce, "Iskar bazara ƙishirwa take ji, ki ba ta ruwa ta biya ki da sanyi." Da damina kuwa ba ta bari a wahala, sai ta ce iskar ta riga ta ƙoshi.

Haka randa take. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, zafi ya bi shi. Da wannan dabarar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir ya daina saurin ruɓewa, har kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Ku kuwa kun yar da randa, kun malale tsakar gida da siminti, kun sare darbejiya, kun dawo kuna kukan kuɗin wuta.

Shi injin naki, in iskar da yake zuƙa ta ɗan huce, ba ya wahala wajen fitar da zafin ɗaki. Sai dai kada buhun ya tare masa iska, kada ruwa ya taɓa wayoyi, kuma ruwan rijiya mai kanwa yakan bar fari-fari ya daskare a jikin ƙarfen. Ki fara sa a yi masa rumfa tukuna, don na ga inda kuka kafa shi, tun hantsi rana ke dukansa.