Amsa: Tsakanin jiragen saman jigilar soja C-130J, C-390 da C-295, wanne ya fi araha?

Malam, ka tambaya wanne ya fi sauƙin kuɗi. Kada ka tsaya kan farashin saye kawai. Kayan gyara, horar da matuƙa da babban garambawul na shekara talatin sukan zarce kuɗin jirgin kansa.

Fara duba nauyin da za ka riƙa ɗauka. C-295 na ɗaukar kusan tan 9 da inji biyu, C-130J kusan tan 20 da inji huɗu, C-390 kuwa tan 26. In yawancin jigilarka sojoji ce da ƙananan kaya, asarar mai ce tayar da inji huɗu.

Sannan a kulle farashi cikin kwangila. Afirka ta Kudu ta soke odar jiragen jigilar soja samfurin A400M a 2009 saboda kuɗin ya yi ta hauhawa.