Tambayoyinku da Amsoshinmu: Darasin Sana'a a Sakandare, Me Za a Biya, Me Za a Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makarantar kuɗin da ɗana yake yi, yana aji ɗaya na babbar sakandare, ta ƙara mana wani kuɗi duk zango wai na koyon sana'a. Sun ce za su koya wa yara gyaran waya da haɗa sola. In biya ko in sauya masa makaranta? Wani uba daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya ko sisi sai ka taka da ƙafarka ka je makarantar ranar da ake darasin, ba tare da ka sanar da zuwanka ba. Ka ce a kai ka ɗakin aikin. Ka ƙirga yaran, ka ƙirga kayan aikin. In ka tarar da aji cike da yara, da mitar gwajin wuta guda ɗaya a hannun malami, da faifan sola ɗaya jingine a bango ƙura ta rufe shi, to kuɗin nan fentin allon ƙofar makaranta zai yi. Ka duba ko akwai wuta ko janareta, domin ba a narka dalma da alli. Sannan ka tambayi malamin a wane shago ya koyi aikin, gun wa. Wanda ya taɓa buɗe waya ya gyara ba ya in'ina a kan wannan tambaya.

Abin yana ci mini rai ne saboda ba yau aka fara ba. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) a 1982, an sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka raba wa makarantu, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu don babu wuta, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. A 2011 hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fito da sabuwar manhajar babbar sakandare mai ɗauke da sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, WAEC kuma ta fara jarrabawarsu a 2014. Me ya faru? Makarantu da dama suka ruga wajen darasin tallan kaya da makamantansa, waɗanda ake koyarwa da allo da littafi kawai, suka guje wa walda da kafinta da aikin lantarki tunda su sai an kashe kuɗi. Yaro ya fito da kiredit a sana'a, amma ko kan soket bai iya ɗaurawa ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage su zuwa shida, ciki har da sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya da kwamfuta. Zaɓi ne mai kyau, sai dai manhaja ba ta zuwa da kayan aiki a aljihunta. Masu makarantu sun gane iyaye na tsoron zaman banza bayan digiri, shi ya sa kalmar sana'a ta zama abin talla, ana karɓar kuɗi da ita kamar yadda aka riƙa karɓar kuɗin kwamfuta a makarantun da kwamfutarsu ɗaya tana ofishin shugaba.

Sauya makaranta kuwa, kada ka yi gaggawa muddin suna koyar da Turanci da Lissafi da kimiyya yadda ya kamata. Idan dogon hutu ya zo, ka nemi amintaccen mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, wanda wani naka ya sani, ka damƙa masa yaron. Ka riƙa leƙawa, kada a mayar da shi ɗan aiken sayo abinci.

Tambaya: 'Yata ta zaɓi ɗinki a makaranta. Na ɗan tara kuɗin adashi ina so in saya mata keke, amma ina tsoron jabu, kuma ina tsoron kada ɗinkin ya ɗauke mata hankali daga karatu. Mahaifinta ya rasu, ni kaɗai ce. Wata uwa daga Gusau.

Amsa: Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki ladan riƙon marainiya. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ɗinki ba ya hana jami'a. Ɗalibai mata nawa ne suke biyan kuɗin rajista da ɗinkin sallah? Ki dai ware mata lokaci, Asabar da Lahadi na keke, sauran kwanaki na littafi, idan jarrabawa ta matso kuma a rufe keken.

Amma kada ki saya yanzu. Ki bari ta yi zango biyu tana zuwa gidan wata tela a unguwa, ki ga ko son na gaske ne. Gidaje nawa ne keken ɗinki ya koma wurin ɗora kwanuka! In lokacin saye ya yi, kada ki je kasuwa ke kaɗai, kuma kada sunan Butterfly ko Singer da aka liƙa a jiki ya ruɗe ki, ai sitika ba ta da tsada. Ki tafi da tela ko mai gyaran keke, ya ɗaga kan ya ji nauyinsa, ya kifa shi ya duba ƙarafan ciki, ya ɗinka yadi mai kauri ninki huɗu a gabanki ya ga ko zare na tsinkewa ko yana tsallake. Tsohon keke mai lafiya ya fi sabon gwangwani mai ƙyalli. Mai ƙafa za ki saya, ki bar na lantarki sai ta fara samun kuɗinta. Ki karɓi rasit.

Tambaya: Wace sana'a ce ta fi kawo kuɗi da wuri? Ni dai a ganina sana'a ta waɗanda boko ya gagara ce, dole ce ta sa zan zaɓa. Wani ɗalibi daga Bauchi.

Amsa: Ɗana, da wannan tunanin ko wacce ka zaɓa ba za ka iya ta ba. Mai haɗa sola da bai iya lissafin ƙarfin batir ba gidan mutane zai ƙona. Ka je ka zaɓi wadda makarantarku ke da kayan aikinta, ka daina raina abin da ba ka iya ba.

Tambaya: Ana ba ni shawarar in kai ƙanena kwalejin fasaha ta gwamnati bayan ƙaramar sakandare. Shin hakan zai toshe masa hanyar jami'a? Wani yaya daga Zariya.

Amsa: Ba zai toshe ba. Ɗaliban kwalejojin fasaha suna rubuta jarrabawar NABTEB, wato jarrabawar kammala karatun fasaha da kasuwanci, kuma ana karɓar sakamakonta wajen neman gurbi ta JAMB idan ya samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Abin lura shi ne darussan da kwas ɗin da yake so ke buƙata. In injiniya yake hari, ka tabbatar zai zauna Fiziks da Kemistiri, ka kuma duba ƙa'idar jami'ar ko kwalejin kimiyya da fasahar da kuke nufi tun yanzu. Ita ma kwalejin ka je ka ga ɗakin aikinta da idonka, ka tambayi 'yan ajin ƙarshe yaushe rabon da a kunna injin.