Kartar poker: KJ a hannu an yi rais a gabanka, nima na sha wannan wahalar

Ɗan'uwa wallahi da na karanta tambayarka sai naji kamar ni na rubuta, wai kana riƙe da KJ ko QJ (katunanka biyu kenan, K da J ko Q da J) a tebur ɗin limit, inda aka ƙayyade adadin kuɗin da ake sawa, wani ya yi rais (ya ɗaga kuɗin) kafin kai, ka bi ka biya ko ka zubar da katin. Ni KJ ɗin nan ya ci min kuɗi fiye da 7-2, hannun da ya fi kowanne muni, don shi 7-2 ai ko kallonsa ba ka yi.

Daren da ba na mantawa a tebur ɗin dala 4/8 ne (4 ake sawa a zagayen farko-farko, 8 a na ƙarshe-ƙarshe), na tashi daga aiki a gajiye. Wani dattijo ya fi awa 2 yana zaune bai yi rais ko sau ɗaya ba, shayinsa kawai yake kurɓa, sai gashi daga kujerar farko ya tura dala 8. Ina da KJ ba kala ɗaya ba, na bi. Aka buɗe kati 3 na farko a tebur, K, 7, 2, zuciyata ta ce shikenan. Ya sa 4 na ɗaga 8 ya mayar 12, a nan jikina ya ba ni amma na kasa saki, na biya 8 a kati na huɗu na sake biyan 8 a na ƙarshe, ya buɗe AK ko ɗago kai bai yi ba. Dala 36 a hannun da tun farko J guda 3 kaɗai za su cece ni, kusan sau 1 cikin 4 KJ ke cin AK. Kuma abinda ya fi min ciwo abokin da ya koya min wasan yana tsaye a bayana yana dariya, shi ne kullum yake ce min a limit kuɗin kaɗan ne ka ga kati 3 kawai. Shekara guda ina bin maganarsa, ashe shi da kansa baya bin irin wannan hannun, bai taɓa gaya min ba, har yau abin na raina.

To kai dai ka fara duba WAYE ya ɗaga kuma daga wace kujera. In mai shiru ne daga farko, KJ, QJ, KT (K da 10) har AJ zubar kawai. In mai zafin hannu ne daga kusa da maɓalli (kujerar mai rabon kati, wajen ƙarshen layi) kuma kowa ya zubar, AJ ko KQ kar ka bi, ka ƙara masa rais ka kori bilain (mutum biyun da ke sa kuɗin dole kafin a raba kati) ku rage ku biyu. Bin rais haka kawai shi ke kashe mu.

Ƙananan tagwaye irin 55 (5 guda biyu), sau 1 cikin 8 da ɗoriya na ukun ke fitowa a kati 3 na farko, sai mutum 4 ko 5 sun riga sun shiga nake bi. Babban bilain kuma lissafinsa daban, rabin kuɗinka na ciki, can nakan kare da 9 da 8 kala ɗaya.

Kuma don Allah in ka fito daga aikin dare ka wuce gida, kuɗin haya kar ya je tebur. Ka faɗo mana kujerar da kake zaune a hannun nan da yadda mutumin ke wasa.